Tafiya Riruwai da Labarin Tsuntsun Ciyawa

A ƙarshen damina muka tashi daga Kano zuwa Riruwai, ni da ɗan yayata wanda yake karatun tsuntsaye. Mun bi titin Jos, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, sannan muka shiga ƙasar Doguwa, inda hanya take fara hawa, iska kuma take ƙara sanyi.

Washegari da sassafe wani manomi ya raka mu saman tudu, can gaba da tsofaffin ramukan kuza. Inda aka bar gamba ta kai mana kafaɗa, amma masara ta cinye mafi yawan filin. Da muka isa wata fadama mai gajeriyar ciyawa, sai yaron ya riƙe hannuna, ya ce, "Kawu, tsaya." Wani ɗan tsuntsu ne a kan kututture, bayansa launin ƙasa, maƙogwaronsa rawaya, da baƙin zane a ƙirji kamar sarƙa. Ya rera kukansa, ya sauka, raɓa tana zuba daga ciyawar da ya shige. A ƙasa yake yin sheƙa, kuma yana da dogon farce a yatsar baya.

Wannan nau'in yana da yawa a Afirka, amma ɗan'uwansa na ƙasar Kenya, wanda ake kira Sharpe's Longclaw, yana cikin jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tuddan ƙasar, irin su Kinangop da Mau Narok, daga tsayin kimanin mita 1,850 zuwa sama. Tushen ciyawa mai dunƙulewa shi ne maɓoyarsa da wurin ƙwansa, kuma kusan duk filayen da yake zaune na manoma ne, waɗanda suke nome su domin dankali da kabeji, ko su dasa itatuwan turare. Ƙungiyar Friends of Kinangop Plateau tana ƙarfafa kiwon tumaki da saƙar ulu, domin mai fili ya samu abin sawa a aljihu ba tare da ya sa garma ba.

Abin da ya dame ni shi ne, idan an sare bishiya kowa yana gani, har hukuma takan tsawatar, amma filin ciyawa ana ɗaukarsa wurin da babu kowa.

Na tambayi manomin, "Malam, wannan fadamar fa?" Ya ce da rani mafarauta suna cinna mata wuta, kuma baɗi yana so ya nome ta, domin iyali sun ƙaru. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yaron ya roƙe shi ya bar gefen da ruwa yake kwanciya, shi kuma ya ce zai shawarci yayansa, domin filin na gado ne.