Tsaga a ƙafar mutum-mutumi

Yau bayan ruwan safe na tsaya gaban wani mutum-mutumin dutse a lambu, sai idona ya faɗa kan wata siririyar tsaga a ƙafarsa, jan ruwa na tsiyaya daga cikinta. Abin ya sosa min rai, domin laifin ba na dutsen ba ne. Sandar baƙin ƙarfe aka soka a ciki don a kafe shi kan dandamali. Danshi ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa kumbura take yi, tana tura dutsen daga ciki har ya dare. Da ƙarfen da ba ya tsatsa aka sa, aka toshe bakin ramin, aka ɗan karkata saman dandamalin don kada ruwa ya kwanta, da ba a kai nan ba.

Masassaƙin kam gwani ne. Da kurfi mai tsini ya fitar da siffa, ya bi da mai haƙora, sannan ya goge fuskar har ta yi sulɓi. Aikin watanni ke nan. Ina ta tunanin ko ya san abin da ke cin ƙafar nan.