Yau maƙalar ƙaro ta tafi

Laraba, tsakiyar hunturu

Ƙarfe 11 na dare ta wuce, yara sun yi barci, ni kuma idona biyu. Alhamdu lillahi, maƙalar ta tafi. Bari in rubuta yadda ranar ta kasance tun abin yana ɗanye a raina.

Bayan sallar asuba ban koma kwanciya ba. Na buɗe kwamfuta tun da sauran wuta, na sake bin ƙa'idojin marubuta na mujallar Polymer, wadda ta fara fitowa a 1960, kamfanin Elsevier ne kuma yake buga ta yanzu. Mun daɗe muna shawara da Farfesa kafin mu tsaya a kanta. Akwai Macromolecules ta ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, da ta fara fitowa a 1968, akwai kuma Polymer Chemistry ta Ingila da aka fara a 2010, amma hankalin waɗannan ya fi karkata ga ƙirƙiro sabbin polima (sinadarai masu dogayen sarƙoƙi, irin su roba da leda) da bin diddigin yadda suke haɗuwa. Nawa aikin kuwa haɗa ƙaron dakwara ne da PVA, wata polima ta masana'anta mai narkewa a ruwa, a sami 'yar siririyar leda mai ruɓewa a ƙasa.

A bara na aika wannan aikin wata mujalla daban. Ko hannun masu tantancewa bai kai ba, edita ya dawo mini da shi da layi biyu: ban faɗi nauyin ƙwayoyin ƙaron da na yi amfani da shi ba. Na ji zafi a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Polima ba kamar gishiri ba ce da kowace ƙwaya take daidai da 'yar uwarta. Sarƙoƙi ne, wasu dogaye wasu gajeru, kuma ƙaron Yobe ba lallai ya zo ɗaya da na Kordofan ta Sudan ba, ko da itaciyar iri ɗaya ce. Dole mai karatu ya san Mn da Mw, wato matsakaicin nauyin sarƙoƙin ta hanyoyin lissafi biyu, ya san kuma abin da ake samu idan an raba na biyu da na farko, wanda tun 2009 hukumar IUPAC ta ce a riƙa nuna shi da alamar Đ. Wata shida na yi kafin in sami inda za a yi mini wannan awo. Yau da nake cusa Đ ɗin cikin jadawali na farko, sai na ji kamar ina rubuta ɗ ɗinmu ta Hausa, har na ɗan tsaya ina kallonta.

Abin da ya fi cin mini lokaci da safe shi ne 'yan jimlolin nan da Elsevier take so a sa don fito da zuciyar aiki: uku zuwa biyar, kowace kada ta wuce haruffa 85, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Shekara uku a ɗakin gwaji, a ce ka dunƙule ta a layi huɗu. Na rubuta ta farko, ta kai haruffa 140. Na yi ta ragewa, ina cire "sabuwar hanya", ina cire "mai matuƙar amfani", har ya rage zallar abin da na gano: ƙaron yana sa ledar ta ƙara jure ja zuwa wani mizani, daga nan sai ta koma tsinkewa. Da na ga jimlar tsirara haka, sai na gane tsakuren da na rubuta yana kewaye-kewaye ne, bai taɓa faɗin wannan kai tsaye ba. Na goge shi gaba ɗaya, na sake sabo daga wannan jimlar.

Wajen ƙarfe 10 aka ɗauke wuta, na tattara na nufi makaranta.

A ofis na iske abin da ya fi tsaya mini a rai yau. Wani gutsuren ledar da na bari a kan tebur tun damina yana nan cikin ambulan. Wancan lokacin lanƙwasa shi nake yi kamar ganyen ayaba. Yau ina taɓa shi ya ce ƙaras, ya rabe biyu. Iskar hunturu ta zuƙe ɗan ruwan da ke tsakanin sarƙoƙin, ruwan nan kuwa shi ke sa su laushi, domin ƙaro da PVA duka masu son ruwa ne. Gabana ya faɗi. Na buɗe sashen hanyoyin gwaji, na karanta sau biyu: na ambaci ƙa'idar ASTM D882 ta awon ja, amma babu inda na faɗi irin danshin da na ajiye samfuran a ciki kafin awo. Na yi aikin, littafin ɗakin gwajina shaida ne, na rufe su cikin tulun gilashi tare da jiƙaƙƙen gishirin magnesium nitrate, wanda yake riƙe danshin iska a wajen kashi 53 cikin ɗari. Rubutawa ce kawai ban yi ba. Wanda zai maimaita gwajin a Jamus ko Malesiya da alƙalumansa sun saɓa da nawa, bai kuma san dalili ba.

Na ɗauki gutsuren na kai wa Farfesa. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Malama, wannan ai da mai tantancewa ne ya gano, da kin sha tambaya." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, hunturu ne ya riga shi." Ya ce in ƙara har da yawan sa'o'in da suka yi a cikin tulun, da zafin ɗakin. Jimla biyu ce kacal, amma su na fi alfahari da su a duk shafin.

Bayan azahar sai hotuna. Na SEM, madubin ƙara girma mai aiki da ilektaron, guda biyu sandar ma'auninsu ta yanke lokacin da nake gyara girmansu, na koma kan na asali. Kowanne na tabbatar ya kai ɗigo 300 a inci. Zanen FTIR, awon hasken da ke nuna irin haɗin sinadaran da ke cikin samfuri, na daidaita shi ya taso daga 4000 ya gangaro 400 kamar yadda aka saba, na sa alama a kan faffaɗan kwarin nan na wajen 3300, inda haɗin oksijin da haidirojin (O–H) yake nuna kansa. Manazarta kam manhajar Zotero ta rage mini wahala, duk da haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina danna lambar DOI, wato lambar shaidar kowace maƙala a intanet, na tarar da biyu da shekararsu ta kauce.

Bayan isha'i na shiga Editorial Manager, shafin da ake tura maƙala ga mujallar. Wasiƙar edita, lambar shaidar marubuci ta ORCID ta kowannenmu mai alƙaluma 16, bayanin abin da kowane marubuci ya yi, shaidar cewa ba mu da wata maslaha ta kuɗi a aikin. A wajen bayanin gudummawa na tsaya na sa sunan ma'aikacin ɗakin gwajinmu a sashen godiya, don shi ya kwana biyu yana tsaron tanda da janareto. Na zaɓi hanyar bugawa da ba a biyan kuɗi, ko da yake na so a ce kowane ɗalibi a Damaturu ko Damagaram zai iya buɗe ta kyauta. Kuɗin da daloli ne, ba ni da su.

Na'urar ta haɗa komai ta fitar da PDF, na karanta daga take har manazarta, na yi bismilla na danna amincewa. Ba a jima ba saƙon shaida ya shigo, na tura wa Farfesa. Amsarsa ta zo nan take: "Allah ya sa albarka."

Sauran ƙaron yana nan cikin kwalba a kan durowa, 'yan dunƙule ruwan zuma. Ɗazu da yamma ƙaramin ɗana ya roƙi guda ɗaya, wai malaminsu na allo ya ce su zo da shi a haɗa tawada. Na ce ya bari sai na gama. Da safe zan ba shi kafin ya fita.