Yadda na sayi jabun azurfar Denmak

Liyarin kakata ne ya ja ni cikin wannan harka, wato dalar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda ta yi yawo a kasuwanninmu kafin zuwan sulen Ingila. Garin binciken 'yan uwanta, kuɗaɗen da Turawa suka buga musamman don fatauci a ƙasashen wasu, na ci karo da na Denmak.

Wanda ya ɗauke mini hankali shi ne fiyasta, wato dalar azurfa, ta zamanin Sarki Kiristiyan na 7, mai shekarar 1771, akwai kuma ta 1777. 'Yan kasuwar Sin sun saba da dalar Sifaniya mai ginshiƙai biyu, ba sa son baƙuwar azurfa, sai kamfanin Denmak mai fatauci a Asiya ya sa aka buga masa mai kama da ita. Ga ginshiƙan nan, ga kambi, amma a ƙasa an rubuta sunayen Aisilan da Girinlan da tsibiran Faro. Shi ya sa masu tarawa ke ce mata dalar Girinlan, ko da yake gabas aka nufa da ita.

Na ga guda a intanet da farashin da bai kai na tsohon babur ba. Ko tambaya ban yi ba, na tura kuɗi. Ranar da ta iso na ɗora ta a ƙaramin sikelin awon gwal, ya nuna giram 22, alhali ta gaskiya tana wajen 27. Na ce ko sikelin ne. Na kai wa wani tsohon maƙerin azurfa, ya ɗora ta a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kasa kunne.

"Ɗana, wannan ba ta kuka," in ji shi. "Azurfa in ka taɓa ta sai ta yi ta amo. Nawa ka ba su?"

Ban faɗa masa ba. Daga baya na gane ta gaskiyar sai a manyan gidajen gwanjo take fitowa, kuɗinta kuwa na gida ne, ba na babur ba. Araha dai ba ta ado.

Sai na sauko inda ƙarfina ya kai, kuɗin Tarankeba, garin gaɓar Indiya da Denmak ta riƙe daga 1620 zuwa 1845. Can aka buga ƙananan kuɗi masu suna kas, na dalma da na tagulla, da 'yar azurfa mai suna royalin, wadda 80 na kas ke yin guda. Ba ta fi ƙwayar wake ba. Da hannu aka buga ta, sau da yawa rabin tambarin sarki ya zame waje, sai ka sa madubin ƙara girma kafin ka ga harafin C da 7 a cikinsa, alamar Kiristiyan na 7.

A nan ma na yi wauta. Ta farkon da na samu ta yi baƙi, na goge ta da toka da lemon tsami kamar yadda ake wa awarwaro. Ta yi fes, darajarta ta faɗi, don wannan baƙin shi masu saye ke dubawa su san ba a taɓa ta ba.

Yanzu ina da royalin uku, kowace a 'yar takardarta da nauyinta a rubuce. Jabun tana kan teburina, da ita nake danne rasit.