Godiya Bayan Wata Goma Ina Jinyar Gwiwa

Alhamdulillahi. Ranar Asabar na sake taka filin ƙwallon kwando a nan Gombe, na buga minti 12, gwiwa ba ta ce uffan ba.

Ga waɗanda ba su ji labari ba, ina cikin kakata ta uku a ƙetare, da wata ƙungiya a Fotugal, na daka tsalle zan cafke ƙwallon da ta dawo daga allo, na sauko a kan ƙafar wani, sai na ji ƙas! Jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke. A can aka yi mini tiyata, amma kwantiragina na kaka ɗaya ne, kaka na ƙarewa aka sallame ni. Da sanduna biyu na shigo gidanmu a Jekadafari.

Inna, da ke zan fara. Ke da ba ki taɓa kallon wasana ba, ke kika riƙa zama a kujera 'yar tsugunno bayan sallar asuba kina murza mini ƙafa da man kaɗanya, kina ƙirga mini ɗagawa har 20 kamar yadda likitan gashin ƙashi ya ce. In na tsaya a 15 sai ki ce, "Ban ji ba, sake." Allah Ya saka miki da Aljanna.

Hamma, kai ka riƙa ɗaukar kujerar roba zuwa masallacin Juma'a don in yi sallah a zaune, kai ne kuma tun ina yaro ka zagaye 'yan gwanjo kana nemo mini takalmi lamba 48. Ban manta ba.

Koci, Allah Ya ƙara girma. A 2015 ka kwashe mu zuwa gidan kallo muka ga D'Tigers, ƙungiyar ƙasa ta Najeriya, sun doke Angola da ci 74 da 65 a Tunisiya, kofin Afirka na farko ga mazan Najeriya. Da Gombe Bulls suka je Tunisiya a 2017 gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka tare da Kano Pillars, na gaskata cewa daga garin nan ma ana fita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watan da na ce na bar ƙwallo. Ba ka yi mini wa'azi ba, ka zo da ƙwallo ka ajiye a bakin katifata ka tafi.

Ma'aikatan sashen gashi, abokan wasa na Gombe da Bauchi da suka yi karo-karo, da maƙwabta masu leƙowa da "ya jiki", na gode ƙwarai.

Wakilina ya fara maganar komawa waje, ni dai sai likita ya amince. Kafin nan ina fili kullum bayan la'asar tare da yara. Na zo da takalma ƙafa shida, duk yaron da nasa ya yage ya same ni.