Talata, ranar bayan damtse

Yau ranar hannu ce a jadawalina, kuma tun da na tashi gwiwar hannuna ta dama take min wani irin tsami da na kwaso tun satin da ya wuce. Na san daga ina ya zo, daga wannan atisayen ne na dambel, wato guntun ƙarfen ɗagawa mai faifai a kowane gefe, ta bayan ƙeya, wanda zaka riƙe shi da hannu biyu ka ɗaga sama da kai ka sauke shi bayan wuya sannan ka sake miƙe hannu. Sati uku kenan ina yinshi da kilo 14 amma ko sau ɗaya ban taɓa jinshi a bayan damtse ba, kullum gwiwa da ƙugu ne ke shan wahalar, abin yana damuna sosai dan bana son in ji ciwon da zai zaunar dani.

Da na isa jim, wato gidan motsa jiki, na ɗan ɗumama jiki na ɗauko 14 ɗin kamar kullum, ina kan na shida sai wani bawan Allah da ya girme ni, wanda muke yawan haɗuwa, yace ƙanina tsaya ka kalli madubi. Na duba, ashe gwiwoyin hannuna sun baje gefe, bayana ya lanƙwashe cikina ya turo gaba, wato da ƙugu nake cilla ƙarfen sama. Yace aje wannan ɗauko 8. Nace Yaya 8 ai bazan ji komai ba, yace gwada dai.

Ya zaunar dani kan benci mai jingina, ya gyara min riƙon, tafukan hannu biyu a ƙarƙashin faifan sama, manyan yatsu sun zagaye sandar, gwiwoyi kusa da kunne suna kallon gaba, ciki a tsuke. Yace damtse kada ya motsa, daga gwiwa zuwa yatsu kawai ne zai yi tafiya, kuma in ƙirga uku wajen saukewa. Wallahi tun a na huɗu naji wani ja tun daga hammata har tsinin gwiwa kamar ana miƙe igiya, a na goma hannuna rawa yake, kuma tsamin nan bai tashi ba sam.

Da na dawo na zauna na karanta dalili. Ita wannan tsokar ta bayan damtse, tiraisef, kai uku gareta. Biyu a jikin ƙashin damtse suke, shi kuma dogon kan a allon kafaɗa ya manne, sai dukkansu su haɗu a tsinin gwiwar hannu, aikinsu miƙe hannu. To tunda dogon ya ƙetara kafaɗa, sai ka ɗaga hannu sama yake miƙewa sosai, shi yasa wannan atisayen ya bambanta da wanda ake danna igiyar inji ƙasa. Har wani bincike aka yi a Japan da ya fito a 2022, mutane suka yi sati 12 suna horar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma na saman yafi girma. Su da igiyar inji suka yi amma yanayin hannun iri ɗaya ne.

Zagaye uku nayi, na ɗaga sau 12, sau 11, sai sau 9, ina hutun minti ɗaya da rabi tsakani. Na ƙarshen naji gwiwoyin sun fara buɗewa sai na tsaya nan. Yanzu haka da zan cire riga sai da na yi a hankali, bayan damtsen biyu duk sun yi nauyi. Na rubuta kilo 8 a littafina na Juma'a, bazan ƙara ba sai na cika 12 sau uku gwiwa bata baje ba.