Dokin da na ɗaure a bakin allo

Da darar gargajiya na taso, mai ramuka 30, kowa da 'ya'yansa 12. Shi ya sa da na fara koyon ces, darar da ake yi da sarki, sarauniya, doki da sauransu, a wurin wani dattijo, tsohon malamin makaranta a unguwar Yalwa da ke Bauchi, na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi. Wata uku ina shan kashi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa.

Jera kayan bai ba ni wahala ba: farin gida a kusurwar hannun dama, sarauniya a kan gida mai launinta. Matsalata doki ce. Ina son sa, don shi kaɗai ke tsallake kan wasu, amma kullum sai in kai shi bakin allo wai ina ɓoye shi.

Wata rana bayan la'asar Baba ya kwashe komai daga allon, ya bar doki ɗaya tak a kusurwa.

"Ɗana, ƙirga mini gidajen da zai iya dira."

Na bi da yatsa, biyu. Ya matsar da shi gefe, huɗu. Ya ɗora shi a tsakiya, kan gidan e5 (kowane gida da harafi da lamba ake kiransa), na ƙirga takwas, na sake ƙirgawa don ban yarda ba. Ashe da hannuna nake rage wa dokina rabin ƙarfinsa. Dara ta ci gida ke nan.

Daga nan idona ya buɗe a kan sauran. Bishof, mai tafiya a karkace, yana ganin gidaje 13 daga tsakiya, 7 kacal daga kusurwa, kuma idan sojojinka, ƙananan 'ya'yan da ake jerawa a gaba, suka tare masa hanya ya zama ɗan kallo. Hasumiya kuwa, mai tafiya a miƙe, layin da babu soja take so. Sarki shi ne ake gaggawar kai wa lungu tun wasa bai yi zafi ba. Har yau ina ganin wannan ƙirgen ya fi haddace hanyoyin fara wasa amfani ga mai koyo.

Bayan sati biyu na kafa doki a e5, bishof a c4 yana mara masa baya. Na dira f7, sarauniyarsa da hasumiyarsa duka suna bakin dokin. Baba ya cire hula, ya daɗe yana duban allon, sannan ya janye sarauniya ya bar mini hasumiyar.