Godiya: yarinyar nan ta koma raga

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da yamma yarinyar nan ta tsaya a raga minti 90 cif, bayan wata takwas. An zura mata ɗaya, nasu suka rama, aka tashi kunnen doki. Ni dai ba ƙwallon nake kallo ba, hannunta na hagu nake kallo tun daga busa ta farko har ta ƙarshe.

Ku yi mini uzuri. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in zauna ina ba da labarinta a bainar jama'a. Amma nauyin da ke wuyana ya fi kunyar, dole in sauke shi.

Duk kun san abin da ya faru bayan ƙaramar salla: tana tsaron raga ta yi karo da wata 'yar wasa, ta karye a hannun hagu. Abu guda ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da na kutsa na isa inda take kwance, ɗankwalin wasanta ya zame, kanta a buɗe gaban dubban idanu, ni kuma hannuwana rawa suke yi, na kasa ko taɓa ta. Yarinyar da suka yi karon, 'yar wasan gaban wancan kulob, Bayerabiya, ba ma addininmu ɗaya ba, ita ta fizgi tawul daga wuyan wani ta rufe mata kai, ta riƙe shi da hannu biyu har aka ɗora ta a gadon ɗauka. Hannun ya kumbura cikin safar, dole suka sa almakashi. Tawa ba ta yi kukan ƙashin ba, cewa take: "Umma, kada su yanka, kuɗin adashinki ne." Ƙarar almakashin nan har yau tana kunnena. Da daddare Bayerabiyar ta biyo mu asibiti da kayan wasanta a jiki, ta zube gwiwa biyu a gabana kamar yadda suke gaida iyaye, tana kuka tana "Mama, Mama". Na ɗago ta na ce ƙaddara ce, 'yata. Allah Ya shirya miki zuri'a, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa tawa kai.

Wanda bai zauna da mai tsaron gida ba ba zai gane zafin abin ba. 'Yan wasa goma sha ɗaya ne a fili, amma gurbin gola ɗaya ne tak, kuma ba a cika canja ta a tsakiyar wasa ba. Shekararta 19, kwantiraginta na farko, ta yi wata da watanni a benci tana tashi kafin asuba ta bi danfo, motar hayar Legas, daga Agege zuwa atisaye, ta dawo gwiwoyi duk a kurje. A wasanta na uku da aka ba ta raga abin ya same ta. Da aka yi tiyata aka sa ƙarfe, wata ta riga ta gaje gurbin.

Akwai lokacin da ta daina magana. Yarinyar da ta tashe mu da ihu tun kafin kiran sallar asuba a 2023, ranar da golar Najeriya Chiamaka Nnadozie ta tare fanaretin Christine Sinclair ta Kanada a gasar kofin duniya ta mata, ita ce ta ce in cire hoton golar daga bangon ɗaki. Ban cire ba. Daren 26 ga Yuli, 2025 muna zaune, Maroko ta sa wa Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, biyu kafin hutun rabin lokaci, babansu har ya tashi zai kwanta. Aka dawo suka rama, suka ci 3-2 a Rabat, kofin Afirka na goma. Na juya na gan ta tana matsa ƙaramar ƙwallon robar da likita ta ba ta, wadda ta yi sati biyu a ƙarƙashin gado.

Na san an ce alheri ba ya son tallata mai shi, amma wasu sai sun yi haƙuri da ni. Likitar gashin ƙashi, wadda ta sha harara da tsaki ba ta taɓa ɗaga murya ba. Kocin masu tsaron gida, da yake zuwa har ƙofar gida ran Lahadi yana jefa mata ƙwallo a hankali kamar mai wasa da jariri. Matan adashinmu na Zango, da suka ba ni ɗauka alhali ba layina ba ne, babu wadda ta ce uffan. Iya mai gidanmu, da ta yi kamar ta manta da kuɗin haya har wata uku. Ƙanena da ya bar kwandunan tumatirinsa a kasuwar Mile 12 ya kwana biyar a barandar asibiti. Malaman Islamiyyarsu da suka sa yara addu'a. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba ku da kwanan asibiti, Ya sa ku ga abin farin ciki a kan 'ya'yanku. Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya turo ɗari biyar, ko ya tuna da mu a sujada, Ka ninka masa, Ka yaye masa abin da ya dame shi.

Babansu, wanda da farko ko kalmar ƙwallo ba ya son ji, jiya ya baro unguwar Oko-Oba da wuri ya zauna a filin wasa karo na farko a rayuwarsa, carbi a hannu. Malam, na gani, na kuma gode.

'Yan uwa na gida da suka ce ɗiya mace ba ta da haɗi da fili, na ji saƙonku tun a makon farko. Na so a ce ya zo tare da "ya mai jiki". Zumunci dai yana nan, ƙofa a buɗe take.

Waɗanda suka kira jiya ban ɗauka ba, ku gafarce ni, gajiya ce. Ita tana barci har yanzu, hannun a kan matashi. Yankakkiyar safar tana cikin akwatina, ta ce kada in yar.